Kwanon Ƙaurin da Hadiza ta Ture

A watan nan ƙanwata Hadiza ke cika shekara goma sha biyar a kabari. Tana kwance a gefen Birmingham, garin da ta zo da niyyar yin shekara uku ta koma Kano. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi girki in kai masallaci sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in tsuke. Bana na yi sadakar, na yi addu'ar, amma bakin ya ƙi tsukuwa. Wata uku da suka wuce na ga shirun da nake yi yana shirin bin 'yarta har ɗakin haihuwa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunana Rabi. Duk wanda ya taɓa zuwa biki ko suna na Hausawan Manchester, da wuya a ce bai ci girkina ba. Daga ɗan kicin ɗina da ke Whalley Range nake fitar da dambun nama da farfesu da tsiren tukunya, kuma ba yabon kai ba, ba a taɓa dawo mini da cooler da saura ba. Na taso a gidan da nama shi ne ma'aunin ƙauna. Baƙon da ake ji da shi a yanka masa kaza, mara lafiya a yi masa farfesu, yaron da ya yi abin kirki a ƙara masa tsoka. A wurina wanda ya ƙi cin naman da na dafa kamar ya ƙi amsa sallamata ne.

Hadiza kuwa tun tana 'yar mitsitsiya ba ta son nama. Ranar babbar Sallah, yara na kokawa a kan hanta da soye, ita tana bayan ɗaki da gurasarta da mai da yaji. Idan Inna ta saka mata tsoka a tuwo, sai ta faki ido ta tura mini a kwanona, ni kuma me zan yi in ba godiya ba. In aka matsa mata ta ci, ranar nan sai ciwon kai da amai, ta wuni a kwance kamar an doke ta. Inna ta ce tsirfa ce. Mu kuma muka raɗa mata suna Akuya, saboda son ganye da fate. Tana dariya, muna dariya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma babu wanda ya taɓa tambayar ta.

Da ta haifi 'yarta ta fari, Walida, a Kano, ta yi kwana biyu tana surutai ba kan gado. Aka ce iskar jego ce, aka yi hayaƙi da rubutu, ta warware. Muka ce alhamdu lillahi, muka manta. Daga baya mijinta Nasiru, wanda akanta ne, ya samu aiki a Birmingham, suka tare a wani ɗan gida a Handsworth. Nan ta kafa keken ɗinkinta a bakin taga, matan unguwa na kawo mata atamfa da leshi. Sai da Walida ta shekara tara kafin Allah ya sake ba Hadiza ciki.

Takardun tafiyar Inna ba su fito ba, ga tsufa. Ta kira ni a waya ta ce, "Rabi, yanzu ke ce uwarta. Kada ki bari a ce 'yata ta yi jego irin na marasa gata." Na ce ta kwantar da hankalinta. Na hau jirgin ƙasa da cooler biyu: ƙafar sa da na zaɓa da kaina a wurin mahauci, yajin jego da aka aiko daga gida, kanwa, gero, har da busasshen ganyen wanka. Na shiga gidan nan ina jin kaina kamar wadda aka naɗa sarauta.

Namiji ta haifa, kyakkyawa, mai gashi. Kwana biyu lafiya lau. A rana ta uku ya daina kama nono, sai barci, numfashinsa na fita da sauri. Muka garzaya asibiti. Bayan an ɗebi jini an shiga an fita, wata likita ta zaunar da mu, ni da Hadiza da Nasiru, ta yi mana tambayoyi. A cikinsu akwai wadda har gobe nake ji a kunnena: ko a danginmu, ta wajen uwa, an taɓa samun jarirai maza da suka rasu a kwanakin farko na haihuwa? Hadiza ta dube ni, tunda ni ce babba. Na ce a'a.

Wallahi a lokacin ban ji na yi ƙarya ba. Inna ta haifi maza uku, duk sun koma kafin suna. Biyu daga ciki da wayona, na ga an fita da su a naɗe cikin ɗan farin ƙyalle. Amma a gidanmu ba a lissafa su. Ba su da suna, ba a yi musu zaman makoki ba, kuma tada maganarsu kamar fama wa Inna miki ne. Mutanen unguwa na ce mata mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa tsayawa, shi ya sa ma kakarmu ke kiran Hadiza Ajuji, sunan da ake sa wa wadda aka haifa bayan an sha rashi. Duk wanda ya tambaye ni mu nawa ne a ɗakinmu, nakan ce mu huɗu ne, duka mata. Abin da na saba faɗa shi na faɗa wa likita, ta rubuta, ta wuce tambaya ta gaba.

Aka mayar da jaririn asibitin yara, aka jona masa na'urar wanke jini. Nasiru ya tare a can. Hadiza takan wuni wurinsa, da la'asar in dawo da ita gida ta yi wanka ta huta. Rana ta huɗu ita ce ranar ƙauri, romon ƙafar sa da ake dafa wa mai jego da kayan yaji don ta mayar da jini. Na ce tashin hankali ba zai hana in cika wa Inna alƙawari ba. Na dafa shi har ya yi luguf, ƙamshi ya cika layin. Na zuba a kwano na ajiye mata a gaba.

Ta sa bayan hannu ta ture shi a hankali, yadda take yi tun muna yara. Ta ce, "Yaya, ƙamshin ma juya mini kai yake yi."

Na mayar da kwanon gabanta na ce, "Yau ba ranar tsirfa ba ce. Ki ci don ɗanki. Da me za ki tatsa masa nono, da ganye?"

Ta ci tana hawaye. Na zauna a gabanta har ta ga ƙarshen kwanon, ina jin daɗi a raina cewa na yi abin da uwa za ta yi. Washegari na ƙara mata da gasasshen nama, jibi ma haka. A rana ta shida na tarar ta saka almakashinta a firij. Ta kira ni Inna. Ta zauna gaban keke tana ta taka shi babu ƙyalle babu zare. Na ce iskar jegon nan ce ta dawo, ga kuma damuwar ɗa. Na kunna turare, na yi mata tofi, na ce ta kwanta. Ban kira kowa ba sai washegari da hantsi, lokacin da Nasiru ya bugo waya yana cewa likitoci sun gano ciwon yaron, kuma sun ce a kawo uwar yanzu-yanzu a auna jininta. Na shiga in tashe ta, ta ƙi tashi. A asibiti aka raɗa wa yaro suna Aminu, uwarsa na wani asibitin ba ta san inda kanta yake ba. Kwana uku bayan nan Allah ya karɓi abarsa.

Ni ba likita ba ce, amma shekara goma sha biyar sun isa mai dafa abinci ta haddace darasi ɗaya. Duk abincin da ke gina jiki, nama ne ko ƙwai ko wake, yana barin wani datti a jini da ake kira amoniya. Aikin hanta ne ta juya dattin nan ya fita ta fitsari. A danginmu akwai waɗanda hantarsu ta zo da naƙasu a wannan aikin, saboda wata ƙwayar halitta guda ɗaya da ake gada ta wajen uwa. Idan ta faɗa kan ɗa namiji, sau da yawa a kwanakin farko take kayar da shi. Idan mace ce, tana iya girma ta yi aure ba a sani ba, alamar kawai ƙin nama da ciwon kai. Sai ranar da jiki ya shiga matsi, irin na bayan haihuwa, dattin ya taru ya hau ƙwaƙwalwa. Ashe Akuyar da muke tsokana, jikinta ne yake kare kansa tun tana yarinya.

Wani likita ya ga halin da nake ciki ya ce mini kada in ɗora wa kaina duka, domin jikin mai jego da kansa yana tara dattin nan, ko ba ta ci nama ba abin na iya tasowa. Na gode masa, kuma na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ni na san amsar da na bayar, na san hannun da ya mayar da kwano. Da na sani ƙeya ce. Ban faɗa wa kowa ba, ko Nasiru. Abin da dangi suka ji shi ne Hadiza ta rasu a jego, Allah ya sa ta yi shahada.

Aminu ya rayu, kuma yadda ya rayu har yau mamaki yake ba ni. Maganinsa na gaskiya shi ne a dasa masa sabuwar hanta, amma ya yi ƙanƙanta, ga jiki ya jigata. Sai suka ce akwai wata dabara da za ta iya riƙe shi zuwa wani lokaci. Akan samu hantar wani mamaci da danginsa suka bayar, a tace ƙananan ƙwayoyinta masu lafiya, a adana su a daskare. Waɗannan ƙwayoyin aka riƙa ɗura wa Aminu ta wani siririn bututu zuwa jijiyar da ke shiga hantarsa, don su zauna a ciki su kama aikin da nasa suka kasa. Sun gaya mana gaskiya tun farko: ba warkewa ba ce, ba kuma kowane yaro take yi wa aiki ba, ƙwayoyin ma sukan gaji bayan watanni. Madararsa da awo, magani da awo. Haka aka lallaɓa shi har ya yi ƙwari aka yi masa dashen hanta gaba ɗaya.

Yau ya fi ni tsayi. Karatu na yi masa nauyi, saboda dattin ya taɓa ƙwaƙwalwarsa kafin a ankara, kuma zai sha maganin dashe safe da yamma iyakar rayuwarsa. Amma yana buga ƙwallo, yana gyara keken duk yaran layinsu, Turancinsa irin na 'yan Birmingham wanda ni sai na kasa kunne nake ganewa. Idan na je, tun daga ƙofa yake leƙa jakata: "Mama Rabi, ina suya? Extra yaji, please." Ɗan da uwarsa ba ta iya haɗiye tsoka ɗaya ba, shi ne yau ke cinye mini tsire. Nakan kalle shi in yi dariya, wani lokaci in shiga banɗaki in yi kukana in fito.

Nakan tambayi kaina me Hadiza za ta ce da ta ga wannan. Ita komai da idon tela take kallon sa. Na tabbata cewa za ta yi faci aka yi wa hantar yaron har aka samu sabon yadi. Kuma na san za ta tambayi abin da ni sai daga baya ya zo mini: su wane ne mutanen nan biyu da muke amfani da hantarsu, ko mun taɓa yi musu addu'a? Ba mu san sunansu ba, ba mu san addininsu ba. Danginsu na cikin kuka suka ce a ɗauka a taimaki wani. Mu kuwa a wuraren zamanmu maganar ba da wani sashe na jiki bayan mutuwa ba a ma so a tada ta. Na tambayi malamai fiye da ɗaya, na ji saɓaninsu, na yi istihara, na rubuta sunana cikin masu bayarwa. Ban ce kowa ya bi ni ba, amma hannun da ya iya karɓa ya kamata ya yi tunanin miƙawa.

Bayan rasuwar an auna mu. Ni ban ɗauko ƙwayar ciwon ba. Walida ta ɗauko. Asibiti suka riƙe ta da tsarin abinci da magani, ta girma lafiya, ta gama jami'a a nan Manchester. Da aure ya zo, Nasiru ya kira ni gefe ya ce, "Yaya Rabi, don Allah maganar ciwon nan ta tsaya a tsakaninmu. Kin san mutanenmu, da sun ji ciwon gado shi ke nan an ɓata wa yarinya suna." Na ce to, da saurina ma, domin rufin asirinsa ya zo daidai da nawa. Walida dai tashin ƙasar nan ce, ba ta iya ƙumbiya-ƙumbiya ba, ta zaunar da saurayinta Faruk ta gaya masa komai, ya ce ya ji ya gani. Amma shi ma da aka zo kan mahaifiyarsa sai ya kasa gaya mata.

Da ta samu ciki ni nake raka ta ganin likitoci, mu hau bas mu sauka a Oxford Road. A can na fara jin maganar gyaran ƙwayar halitta. Likitarta ta ce masana na gwada hanyar da za a aika lafiyayyar ƙwayar nan guda ɗaya ta cikin jini, ta isa hantar mutum, hantar ta koyi aikin da kanta. Babu yanka, babu jiran wani ya mutu. Wasu ma ƙoƙari suke su gyara kuskuren a inda yake. Ta ja mana kunne cewa har yanzu gwaji ne, yana da haɗarinsa, ba a san tsawon lokacin da zai riƙe ba, kuma ba abu ne da mai ciki za ta shiga ba. Walida ta cika ta da tambayoyi, ni kuma ina zaune ina tunanin Hadiza. Da tana nan da ta ce, ashe duk wahalar nan ɗinki ɗaya ne ya tsallake, a warware wurin a mayar. Sai dai ko an gama gano maganin gobe, wa za a yi wa? Mutumin da danginsa suka ce ba su da ciwo?

Ana saura wata ɗaya haihuwa, Hajiya Asabe, mahaifiyar Faruk, ta iso daga Zariya da akwati biyu. Ɗaya kayan jariri, ɗaya kilishi da dambu da yaji. Mace ce mai kirki, mai iko da gidanta, irina sak. Kwana biyu da zuwanta ta zo har gidana ta ce an gaya mata duk garin nan babu mai dafa ƙauri kamata, tana so in tanadi ƙafar sa huɗu. Ta ƙara da cewa, "Na lura yarinyar nan ba ta son nama. A jego dai sai ta ci, ko da ɗure ne. Marainiya ce, ba za a ce mun bar ta ba gata ba."

Muryata na ji a bakinta. Na ce ta ba ni zuwa gobe. Na kira Nasiru, ya ce a gaya mata likita ya hana kawai, ba sai an yi dogon bayani ba. Na ce masa, "Nasiru, ka san matanmu ko ba ka sani ba? Ta ji likita ya hana, cewa za ta yi Turawa ba su san jego ba, ta jira kowa ya fita ta rufe ƙofa. Ni ma da haka zan yi." Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma akwai abin da shi kansa bai sani ba, gobe zan gaya masa bayan na gaya wa 'yarsa.

Washegari da azahar na same su a falon Walida, ita da Faruk da Hajiya. Na fara daga maza ukun Inna, na bi ta kan tambayar likita da amsar da na bayar, na zo kan kwano. Ban rage komai ba, har kalmomin da na faɗa wa Hadiza na maimaita.

Hajiya ce ta fara magana, ranta a ɓace. Ta ce, "Ashe haka ake aure a ƙasar nan? A ɓoye mana abu irin wannan?"

Na ce, "An ɓoye, Hajiya, kuma da ni aka ɓoye. Amma tsakaninki da Allah, da an faɗa tun farko, da kin bari an ɗaura?"

Walida kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta dafa kujera ta miƙe da cikinta, ta ce, "Mama Rabi, shekara goma sha biyar. Kullum ina gidanki, kina yi mini kitso, kina ba ni labarinta. Fifteen years." Ta shiga ɗaki ta rufe. Kwana tara ba ta ɗaga wayata ba. Na ji zafi ƙwarai, don ita ce 'yar da Allah bai ba ni ba, amma na gwammace ta yi fushi da ni tana raye. A rana ta goma ta aiko saƙo cewa gobe akwai ganin likita, in zo da wuri kada mu rasa bas. Ba mu sake tada maganar ba, ban kuma ce ta yafe ba. Nasiru ma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, likitoci sun shirya tun kafin naƙuda. Aka sa mata ƙarin ruwa mai sukari, ana ɗibar jininta a kai a kai, aka riƙe ta kwanaki bayan ta sauka. Mace ta haifa, aka mayar da sunan Hadiza. Aka sallame mu da takarda mai bayanin abin da za ta ci da adadinsa, da alamomin da in an gani a dawo da ita ba jira. Abin da ban zata ba, Hajiya Asabe ce ta sa Faruk ya fassara mata takardar, ta liƙa a ƙofar firij, ta zama ita ce mai gadi. Wata baƙuwa ta zo barka da kazar da ta soya, Hajiya ta tare ta tun daga ƙofa. Ƙauri kuwa an yi shi. Ni na dafa, ƙafa huɗu kamar yadda ta nema, aka raba wa dangi da maƙwabta, har Baturiyar da ke flat ɗin ƙasa ta samu kwanonta. Mai jego ce kaɗai ba a kai wa ba, kuma sama ba ta faɗo ba.

Sakamakon jaririyar ya fito, ita ma ta ɗauko. Mun yi jimami na yini ɗaya. Amma wannan Hadizar ba za a kira ta Akuya ba, ba za a ce tana tsirfa ba, kuma wataƙila kafin ta kai shekarun haihuwa gyaran nan da ake gwadawa ya kankama. Ranar da muka kai ta asibiti, wata ma'aikaciya ta buɗe takarda tana zana dangi, ta tambaye ni mu nawa mahaifiyarmu ta haifa. Na ce bakwai: mata huɗu, maza uku da suka rasu kafin suna. Shi ne karo na farko da na lissafa 'yan'uwana a gaban wani. Tuni na kira sauran ƙannena biyu a Kano, na ce su da 'ya'yansu mata sai an auna su. Ɗaya ta ce ina neman tona wa gidanmu asiri. Na ce e, kuma ban gama ba.

Ga masu karatu, roƙona ɗaya ne. Ku je wurin iyayenku mata da kakanninku tun suna raye, ku tambaye su cikin ladabi nawa suka haifa, ba nawa suka rayu ba. Idan likita ya tambaya, ku faɗa masa duka. Idan kuna da yarinyar da nama ke sa wa ciwon kai da amai, ku kai ta a duba kafin ku sa mata suna. Idan mai jego ta fara surutai, ku yi addu'arku a cikin mota kuna hanyar asibiti. Rashin sani ya fi dare duhu, amma namu ba rashin sani ba ne kaɗai, har da kunyar faɗin abin da muka sani.

Me ya rage na Hadiza bayan shekara goma sha biyar? Kekenta na nan a ɗakin Walida, an lulluɓe shi da zani. Akwai matan Handsworth da har yau suke sa rigunan da ta ɗinka, suna cewa ɗinkinta ba ya warwarewa. Akwai Aminu da hantar baƙo a cikinsa, akwai jaririyar da ta ci sunanta. Allah ya jiƙan ta, ya haɗa ta da 'yan'uwanta ukun nan da ba mu taɓa kira ba, ya yafe mini.

Akwai kuma abu ɗaya da ban san ta bari ba sai kwanan nan. Kwana biyu bayan suna na kai wa Walida shinkafa da miyar alayyafo, da 'yar tsokar kaza wadda na auna a sikeli daidai yadda takarda ta yarda. Ta cinye shinkafar, ta dubi tsokar, ta sa bayan hannu ta ture kwanon a hankali. Hannun uwarta ne, har yadda take karkatar da kai. Na ji maganar nan ta taso mini har bakin leɓe, ki ci don 'yarki. Na haɗiye ta. Na ɗauke kwanon, na koma kicin, na dama mata kunun shinkafa da sukari.